Takardar Da Abdulhalim Ya Ce In Sa Wa Hannu

Salama gare ku, 'yan uwa. Yau ba da daɗin rai na zauna rubutun nan ba, don haka duk wadda ta zo neman labarin turare da kallon ƙasa-ƙasa ta yi haƙuri da ni. Tun jiya ko ruwa na kai baki sai in ji kamar da wani abu kwance a ƙasan kofin.

Sunana Haula, 'yar Malam Mailafiya ta unguwar Lopere a nan Garwa. Shekarata ashirin da takwas, shida daga ciki na yi su a wani kamfani da ke sayar wa mutanen ƙauye fitilun sola suna biya kaɗan-kaɗan. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba. Mu tara ne a ɗakin amsa waya. Manomi zai kira daga can wajen Yagwa ya ce fitilarsa ta ƙi kamawa, in yi masa bayani da Hausa ko Fulatanci, in rubuta rahoto da Faransanci. Aikin dindindin ne, da albashi ranar ashirin da takwas ga wata, da hutun shekara, da fansho, da katin asibitin da aka yarda na sa sunan Baba a ciki saboda hawan jininsa.

Abdulhalim kuma a bakin ƙofar kamfanin na fara ganinsa, cikin Disamba. Ina tsaye ina jiran moto, wato babur ɗin haya, ya tsayar da farar motarsa, ya sauke gilas, ƙamshi ya riga sallamarsa isowa wurina. Ya ce ya zo tambayar sola ne don gonar kawunsa. Mako biyu bayan nan yana zaune a zaurenmu cikin gezna ruwan toka mai aikin hannu a wuya, mahaifiyata Dada tana aika masa da folere, zoɓonmu, mai ƙanƙara a jug ɗin da ba a fito da shi sai da Sallah. In aka tambaye shi sana'a sai ya ce yana da kabine, wato ofishin kansa, yana ba kamfanoni shawara. Ni da digirina ban taɓa cewa "mene ne sunan kabinen" ba. Ku rubuta wannan a cikin wautata, don na so shi. Ba wanda ya tura ni. Mutum ne da in yana magana sai ka ji kamar duniya ba ta da wuya, mu ne dai ba mu iya ta ba.

Cikin watan Maris, lokacin da zafi ke sa kwalta ta yi taushi, Misiye Laurent, shugaban sashenmu, ya tara mu. Ya ma sa an kawo lemo mai sanyi, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce kamfani ya zo mana da sabon tsari. Duk mai so zai rubuta takardar ajiye aiki da kansa, ya dawo a matsayin mai zaman kansa, ya yi aiki daga gida, a biya shi bisa yawan kiran da ya amsa. Ya rubuta wani adadi a allo wanda ya kusa ninka albashinmu.

"Ba dole," in ji shi, yana murmushi. "Ku manya ne. Ku je ku yi tunani zuwa Laraba."

Muna fitowa duk suka kewaye ni, don ni ce na fi daɗewa, kuma ni ake kawo wa duk takardar da ta yi wuyar fahimta. Hortense ta riƙe hannuna. 'Yar Mokolo ce, teburinta na jikin nawa shekara huɗu, kwanon abincinmu ɗaya da rana. Lokacin tana da ciki wata biyar, mijinta Dieudonné yana koyarwa a can Yagwa, sai ƙarshen wata yake zuwa.

"Haula, ni kaina ba ya ɗaukar komai yanzu," ta ce. "Ki karanta mana. In kin sa hannu, na sa."

Da yamma bayan la'asar na miƙa wa Abdulhalim takardar a zaure. Ya ɗan duba sama-sama, ya yi dariya.

"Wannan ce ta hana ki cin abinci? Haula, ai addu'arki ce aka amsa."

"To fansho fa? Da katin asibiti?"

"Da kuɗin da za ki samu ki sayi katin asibiti uku in kin ga dama. Duniya ta wuce zaman jiran ƙarshen wata. Ke ce shugabar kanki, ba mai ce miki kin makara, ba hawa moto cikin rana. In kika tare ma, ga ɗaki zan ware miki da na'urar sanyi, ki yi aikinki a gidanki kamar sarauniya."

Bai tsaya nan ba. Daga ranar zuwa Laraba vokal, wato saƙon murya, goma sha ɗaya ya turo mini, har yanzu suna cikin wayata. "Ranki ya daɗe, kin sa hannun?" "Kada ki tsaya sauraron masu tsoro." "Ki yi wa ƙawayenki bayani, su ma su amfana, lada za ki samu." Ina saurara ina murmushi ni kaɗai, wai ni ga wadda aka damu da ci gabanta. Mtsw.

A cikin gida kuwa Dada har da guɗa. Ita dama fitar da nake yi kullum ba ta kwanta mata ba. Adda Bilki, yayata da ke aure a Rumde Ajiya, ta zo musamman da goyonta.

"Ke dai kin cika son wahala," ta ce tana gyara ɗaurin ɗankwali. "Namiji ya ce ki zauna a inuwa kuɗi su same ki, kina wani tambayar fansho. Shekara nawa gare ki da za ki yi zancen fansho? Wanda zai aure ki ya fi ki sanin takarda."

Baba kaɗai ne bai yi murna ba. Yana zaune a tabarmarsa gindin dalbejiya, ya bari suka gama.

"Shekara ashirin da biyu na yi ina tuƙa motar auduga," ya ce a hankali. "In kaka ta zo a kira mu, in ta wuce a ce mu je gida. Su ma haka suke ce mana, ku ne masu kanku. Ranar da idona ya fara rauni ba wanda ya kore ni, Haula. Kawai ba a sake kirana ba."

"Malam, wancan zamani daban," in ji Dada. "Ita da kwamfuta take aiki."

Ni kuma ranar Laraba na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, na yafa farin mayafi, na shiga ofishin Misiye Laurent ni ce ta farko. Na rubuta takardar ajiye aiki da hannuna, da kyakkyawan rubutuna. Sabon kwantiragin ba da kamfanin ba ne, da wani kabine ne mai suna da haruffa uku, an buga hatimi, wani mutum da ban sani ba ya sa hannu. Misiye Laurent ya ce tsarin biya ne kawai. Na fito na ɗaga musu biro sama ina dariya. Bakwai suka bi bayana, Hortense ce ta biyu. Christelle kaɗai ta ƙi. Ta ce ita uwarta ba ta haife ta da saurin sa hannu ba, in suna so su kore ta su biya ta haƙƙinta. Har tausayinta na ji a ranar, ku ji fa.

Watan farko kuɗi suka shigo da kauri, na sai wa Dada leshi, Adda Bilki tana ta "ba na faɗa miki ba". Daga wata na biyu aka fara fito da ƙa'idojin da ke shafi na huɗu. Kiran da bai kai minti uku ba ba a lissafa shi. Wanda ya wuce minti bakwai ma ba a lissafa shi, wai jan lokaci ne. To ku gaya mini yadda za a yi wa tsoho ɗan shekara saba'in bayanin inda zai danna a jikin batir cikin minti bakwai, alhali sai ya gama tambayar lafiyar iyayenki da ruwan sama. Kuɗin intanet nawa ne, wayar tawa ce, in aka ɗauke wuta asarar tawa ce. Na koma ina katse tsofaffi a tsakiyar gaisuwa ina kallon agogo. Ni da a da masu kira ke cewa, "A haɗa ni da yarinyar nan mai haƙuri."

Gida kuma, tunda ana ganina zaune, ai ba aiki nake ba. Ina tsakiyar kira Dada za ta ɗaga labule: "Haula, leƙa mini tukunyar nan." Maƙwabta su aiko a cika musu takardar makaranta. Adda Bilki ta ajiye mini yara ta tafi biki, tunda ni "ina gida". Ba Asabar, ba Lahadi, don in ba ki amsa ba wata za a tura wa.

Ranar da abin ya fara yi mini ɗaci sosai ita ce ranar da aka kira ni kamfani in nuna wa wasu sababbi yadda ake aikin. Mai gadin da shekara shida nake kawo wa kunu da azumi ya tare ni, kansa a ƙasa.

"Madam Haula, ki yi haƙuri, sai kin bar katin shaidarki a nan. An ce ku baƙi ne yanzu."

Ya rataya mini katin baƙi a wuya. Na shiga na zauna a teburina, kan kujerata mai karyayyen hannu, hoton Ka'aba da na manna a jikin bango yana nan inda na bar shi. Christelle tana gefe tana cike takardar hutun shekara. Ba wanda ya kore ta. Ba su ma gwada ba.

A makon ne kuma na je karɓo wa Baba magani, mai kantin ya juya katin ya ce an rufe shi tun ƙarshen Maris. Na biya da kuɗina na dawo, ban gaya wa kowa ba. Da na yi wa Abdulhalim ƙorafi sai ya ce, "Farkon kowane abu haka yake, ki ƙara ƙoƙari." Ranar ma ya turo mini hoton akwatunan lefe guda shida, ruwan zuma, an jera su a falonsu. Aka kawo su cikin Yuni, unguwa ta zo ta gani, aka sa rana. Dada ta kulle su a ɗakinta tana buɗe wa duk wanda ya shigo: atamfofi, lafaya, takalma da jakunkunansu, sarƙa mai nauyi.

Shekaranjiya na ji Hortense ta haihu, har an kwana tara. Ban ji a bakinta ba, a hoton da wata ta ɗora na gani. Na yi mamaki, don da ko ciwon kai ta yi ni take fara kira. Na sayi sabulu da turmin atamfa da 'yan kayan jarirai, na hau moto zuwa Jambutu da hantsi.

Ɗaki ɗaya ne da falo. Na yi sallama na ɗaga labule, abin da na gani har yanzu in na rufe ido yana nan. Hortense tana kishingiɗe a katifa a ƙasa, ta tokare bayanta da filo biyu saboda aiki aka yi mata aka ciro yaron. Jaririn yana kan ƙirjinta yana tsotso, abin sauraro yana kunnenta, kwamfuta a kan kujerar roba, tana cewa da wani, "Baba, danna jan maɓallin, ja, ja na ce." Gumi ya jiƙa mata wuya. Fanka ba ta juyawa. Duk sanda ta motsa sai ta cije leɓe.

Ta gama kiran ta cire abin kunnen, ta dube ni kamar mai tallan da ta shigo ba a kira ta ba.

"Hortense, barka da arziki. Me kike yi haka? Kwana tara fa!"

"In ban amsa ba me za mu ci? Hutun haihuwa na masu aiki ne. Ni ai shugabar kaina ce."

Na ajiye ledar a gefenta. Ko kallonta ba ta yi ba.

"Ɗauki kayanki, Haula."

"Me na yi miki?"

"Tambaya ɗaya zan yi miki, ki ba ni amsa don Allahn da kike bauta wa. Nawa aka ba ki a kan kowane kai? Ni da cikina, an ƙara miki wani abu a kaina, ko duk kuɗinmu ɗaya?"

Wallahi ban gane ba. Ta jawo wayarta ta miƙo mini. Hotuna biyu ne Christelle ta turo mata. Na farko an ɗauka ta tagar ofis: Misiye Laurent yana dariya, ya dafa kafaɗar wani mai gezna ruwan toka. Na biyu takarda ce, yarjejeniyar kamfanin da kabinen nan mai haruffa uku da ke biyanmu. A ƙasa an rubuta sunan mai kabinen cikakke, da sa hannunsa da na sani kamar tafin hannuna, don shi ne a jikin katin da ya haɗo mini da turare ranar haihuwata. Abdulhalim. Kamfani yana ba shi kuɗin kowane kira, ya cire kusan rabi, ya ba mu saura. Ƙa'idar minti uku da minti bakwai ma ba ta cikin takardar kamfanin, tasa ce.

Sai idona ya kai kan kwanan wata. Nuwamba. Wata guda kafin ya sauke gilas ya tambaye ni sola don gonar kawunsa.

"Ban sani ba," na ce. "Hortense, na rantse da Allah ban sani ba."

Jaririn ya saki nono ya fara kuka.

"Ko kin sani ko ba ki sani ba, ni dai ke na bi," ta ce. Wayar aikinta ta fara ƙara. Ta mayar da abin kunnen, ta gyara murya, ta gaishe da mai kiran da Fulatanci, "Jam na, Baaba?" kamar ba ni a ɗakin.

Ban san yadda na iso titi ba. Na kira shi na ce ina son ganinsa yanzu. Ya zo ya same ni a gindin wata bishiya kusa da gidan mai, na shiga motar, sanyi da turarensa suka buge ni. Na tura masa hotunan ina zaune a gefensa. Ya buɗe, ya duba, ya ajiye wayar a cinyarsa. Ko gezau.

"Wa ya ba ki wannan?"

"Abin da za ka tambaya ke nan?"

"Haula, kasuwanci ne. Kamfanin ya riga ya yanke shawarar rage nauyi. In ban karɓa ba wani zai karɓa, wanda bai ma san ku ba. Gara ni."

"Da ka tsaya a bakin ƙofa ranar nan, sola ka zo saya?"

Ya yi ɗan murmushi, irin na wanda aka kama da ƙaramar ƙarya.

"Laurent ne ya ce mini akwai wata Haula, in ta sa hannu duk za su sa. Na ce bari in ga wace ce. Da na gan ki kuma sai abin ya zama gaske. Ina laifi a nan? Wasu a biki suke haɗuwa, mu a wurin aiki muka haɗu."

"Hortense tana amsa waya da ɗinki a cikinta."

"Ban yi mata cikin ba, kuma ban riƙe mata hannu ta sa ba." Ya juyo sosai, ya sassauta murya kamar yadda yake yi a vokal. "Ki yi tunani da kyau. Kuɗin nan ina za su? Gidanki za su shiga. Akwatuna shidan da Dada ke nuna wa mutane, da me kike tsammani na saye su? Ke ba ki yi asara ba, daga wannan aljihu ne zuwa wancan. Bayan biki ma na yi niyyar ki daina amsa kira, ki zama ke ce mai lura da su. Kin san aikin, suna jin maganarki."

Suna jin maganata. 'Yan uwa, a nan ne na buɗe ƙofa na durƙusa a bakin kwata na yi amai, har sai da ba abin da ya rage sai ɗaci. Masu moto suna kallona. Ya miƙo mini ruwan gora ta taga, yana cewa in shigo kada in tara masa jama'a. Na tsayar da moto na hau, ko mayafina ban gyara ba.

Ina shiga gida na wuce ɗakin Dada, na fara jawo akwatunan ɗaya bayan ɗaya zuwa tsakar gida. Adda Bilki tana nan, sun baza lafaya suna zaɓen wadda zan sa ranar kamu. Na faɗa musu komai a tsaye, ina haki.

Dada ta riƙe baki. Na ɗauka kuka za ta yi don Hortense, wadda ta sha cin tuwo a gidan nan. Sai ta ce, "To yanzu mutane me za su ce? An ga kaya, an sa rana."

"Dada, da kuɗin jegon Hortense aka sayi sarƙar nan."

"Ke kika aike shi?" in ji Adda Bilki. "Kowane namiji da yadda yake nemo abincinsa. Sata ya yi? Takarda ce kowa ya sa hannu da idonsa biyu. Ke dai ki ce kin samu mai wayo. Za ki watsa aurenki saboda wata can da ko addininku ba ɗaya ba?"

Na dube ta. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma a lokacin ji na yi ko mayafinta ba na so ya taɓa ni.

"Shekara huɗu muna cin abinci a kwano ɗaya da ita, Adda. Ranar da Baba ya faɗi ina wurin aiki, ita ta amsa kirana da nata har yamma, ba ta gaya wa kowa ba. Ke ranar kina ina?"

"Haula!" Dada ta daka mini tsawa.

Baba ya fito daga ɗakinsa, ashe duk yana ji. Ya dubi akwatunan, ya dube ni. Na jira ya ce ai ya faɗa mini. Bai ce ba, kuma da ya ce da ya fi mini sauƙi.

"Akwai abin da aka taɓa a ciki?" ya tambaya.

"Turare ɗaya Bilki ta buɗe," in ji Dada a sanyaye.

"A sayo irinsa a mayar. Gobe bayan azahar zan kira Baffanku mu kai musu kayansu."

"Malam, ka tsaya a yi magana..."

"An yi maganar," ya ce, ya koma ciki.

Jiya da safe Christelle ta rubuto mini. Ta ce Hortense da sauran shidan za su kai ƙara ofishin sufeton ƙwadago ranar Litinin, cewa yaudararsu aka yi suka ajiye aiki. Amma wanda ya duba musu takardun ya ce ba su da hujja, tunda kowa da hannunsa ya rubuta. Sai dai in akwai abin da zai nuna an shirya abin tun farko, kuma an bi ta kan wani aka ja su. "Vokal ɗin da mutuminki ya riƙa turo miki suna nan? In suna nan, ki zo da wayarki da bakinki. Ƙarfe takwas. Hortense ta ce ba za ta roƙe ki ba, ni ce nake roƙo."

Na rubuta mata, "Zan zo." Na ji wani nauyi ya ɗan sauka daga ƙirjina, har na iya shan kunu rabin kofi.

Bayan azahar Baba da Baffa suka ɗora akwatunan a bayan wata mota suka tafi, Dada ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Ko awa ɗaya ba a yi ba wayata ta yi ƙara. Na ɗauka Abdulhalim ne, don tun shekaranjiya kira ashirin da wani abu ya yi ban ɗauka ba. Misiye Laurent ne.

"Madam Haula! Ça va? Kin ɓuya." Muryarsa kamar zuma. Ya ce kamfani ya lura an yi kuskure a kaina. Mutum irina bai kamata a rasa shi ba. Akwai gurbi guda ɗaya da ya buɗe, na dindindin, shugabar ɗakin amsa waya, da ƙarin albashi, kuma shekaruna shida za a mayar mini da su kamar ban taɓa fita ba. Gurbi ɗaya ne tak. Abin da kawai suke so shi ne a bar abin da ya wuce ya wuce, kada a riƙa yawo da tsofaffin saƙonni a ofisoshin gwamnati.

Ga abin da ya sa na ce muku ko ruwa ba ya shiga mini. Na so in rubuta muku cewa na zage shi na kashe waya. Na so ƙwarai. Amma na yi alkawarin ba zan yi muku ƙarya a nan ba. Ina kallon tabarmar Baba a gindin dalbejiya, sai na ji bakina yana cewa:

"Har da katin asibitin?"

"Har da shi," ya ce, ina jin murmushinsa ta cikin wayar. "Ranar da kika dawo za a buɗe. Ki zo ofishina Litinin ki sa hannu. Ƙarfe takwas."

Ya kashe. Na zauna a bakin rijiya da wayar a hannuna, ina jin ƙyamar Abdulhalim, da Laurent, da Adda Bilki, amma duk ba su kai wadda ta yi tambayar nan ba. Ina nan zaune saƙo ya shigo daga lambar da ta yi wata biyu ba ta neme ni ba. Hortense ce. Hoton jaririn ne yana barci, ya dunƙule hannu a gefen kunne, a ƙasa ta rubuta layi ɗaya:

"Christelle ta ce za ki zo. Na gode, 'yar uwata."